Ƙofar Banɗakin Sakatare

Laifin ƙofar bai taka kara ya karya ba. Ruwan wanka ne ya daɗe yana lasar gindinta har katakon ya kumbura, ta koma sai an sa mata kafaɗa kafin ta rufu, in kuma za a buɗe ta sai ta ja ƙasa da wani kuka mai tada tsigar jiki. Aiki ne da kafinta zai yi yana hira, ya gama shayinsa bai huce ba. Abin da Malama ta ce a yi ke nan tun farko, a kira kafinta. Sai dai mijinta ya riga ya shiga Ɗakin Ƙere-ƙere na unguwa, wanda ya shiga wurin nan kuwa, kiran kafinta zagi ne a kunnensa.

Sakatare ake ce masa, ko da yake ya bar aikin. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ofishin wani kamfanin inshora yana rubuta abin da manya suka faɗa a taro, yana gyara musu shi har ya fi yadda suka faɗa kyau, kuma ba a taɓa juyowa an ce masa kai fa me ka gani ba. Da ya yi ritaya sai ya wayi gari shi kaɗai a gida. Babbar 'yarsu tana gidan mijinta, autansu yana jami'a, Malama kuwa tun da sassafe take ficewa makarantar da take koyarwa. Ya karanta jarida har tallace-tallacen ciki. Ya jera cokulan kicin daga dogo zuwa gajere. Ranar da ya fara koya wa Malama yadda ake ninke tawul, ita da kanta ta ce ya taimaka ya fita ya nemi abin yi, ta ma kwatanta masa tsohon siton nan na bakin titi da aka yi wa fenti aka rataya wa allo. Daga baya ta sha zama ta yi tagumi tana tuna cewa da bakinta ta tura shi.

Wurin ya yi kyau, ba a ƙi faɗar gaskiya. Dogayen tebura, zarto da guduma da sukundireba kowanne a rataye a bango an zana masa siffarsa da fenti don kada ya ɓata hanya, ga wata na'ura a lungu da take buga abubuwa da narkakkiyar roba, wadda tun da aka kawo ta ba ta haifi komai ba sai maƙalan makulli. Bango guda kuwa an lulluɓe shi da ƙananan takardu masu launi-launi, kowace ɗauke da sunan wata bita da za a yi wata rana. Mai takardun shi ne Kodineta, wani saurayi mai ɗan gemu da taushin murya, wanda ba ya iya ganin abu bai ga bita a cikinsa ba. Ko atishawa ka yi a gabansa, zai kama haɓa ya ce ai ya kamata a koya wa jama'a ɗinka abin rufe hanci.

Ƙa'idojin ɗakin an rubuta su da manyan baƙi a saman ƙofar shiga. Ba a yi wa mutum aiki, sai dai a yi tare da shi. Duk abin da aka taɓa, kowa sai ya taɓa. Sannan babu kuskure a ɗakin nan, darasi kawai ake yi. Sakatare ya karanta ya gyaɗa kai, don tsarin jimlolin ya burge shi.

Da aka sanar da bitar da aka sa wa suna Kawo Naka Mu Gyara, mutane suka zo da abin da mai hankali zai zo da shi: tocila, fankar tebur, takalmin da ya buɗe baki. Sakatare ya ciro ƙofar banɗakinsa sukutum, ya zuba sukurorinta a kofin shayi ya ajiye a kan firij, ya roƙi maƙwabci ya ɗaure masa ita a saman mota. Suka shigo da ita ɗakin. Kodineta ya zagaya ta yana shafa ta, idanunsa na ƙyalli, don masu ba da tallafi sun sai wa ɗakin injuna iri-iri amma ba wanda ya tuna da katako. Tun da aka buɗe wurin, ba su taɓa ganin katako mai faɗin wannan ba.

Aka fara da zama a da'ira, kowa ya faɗi ko shi wane ne da abin da yake ji a ransa game da kayan da suka lalace. Aka yi dogon bayani a kan tsare ido da yatsu. Aka raba tabarau. Sai da rana ta fara yi sannan aka kwantar da ƙofar a tebur aka kunna injin kankare katako. Sakatare ya bi gindinta da shi, kumburin ya fita tas, da a nan aka tsaya da labarin nan ya ƙare. Amma kowa sai ya taɓa. Wata tsohuwar unguwarzoma ta taɓa. Mai askin layin ya taɓa, ya ce a ba shi ya ƙara don gefensa bai yi daidai ba, hannunsa ya saba da gyaran fuska. Ɗalibai suka taɓa. Har wani bawan Allah da ya shigo cajin waya aka ɗaura masa tabarau, ya taɓa. Ba wanda ya auna komai, saboda awo bita ce mai zaman kanta da ba a kai gare ta ba tukuna. Da aka tayar da ƙofar tsaye, abin da aka cinye a gindinta ya isa kyanwa ta wuce da 'ya'yanta ba tare da ta sunkuya ba.

Sakatare ya yi tsuru-tsuru. Kodineta ya dafa shi ya ce wannan babban darasi ne, ya sa aka yi tafi, ya kuma ciro sabuwar takarda ya rubuta bitar ƙarin katako ya manna a bango. Sati mai zuwa, in ji shi. Ya ce a bar ƙofar a nan, ba sai an yi ta wahalar kai da kawowa ba.

Malama ta dawo daga aiki ta tarar da banɗaki baki buɗe, yana kallon falo, falo yana kallonsa. Gidan ƙarami ne, banɗakin ke nan guda ɗaya, kuma wanda ya zauna a doguwar kujera ba abin da zai ɓuya masa har sabulu. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa ta saurari bayanin mijinta har ƙarshe, irin sauraron da take yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zanen gado, ta buga ƙusa biyu da dunduniyar takalmi, ta rataya.

"Sati ɗaya ka ce, Baban Auta?"

Ya ce sati ɗaya, ko ma kafin nan.

Bitar ƙarin katako ba ta zo ba. Kodineta ya ga wani abu a wayarsa cikin satin, ya zo da sabuwar dabara: Mata da Injin Huda. Mata suka cika ɗakin, ga inji, ga tabarau, babu abin hudawa. A gaban idonsu Kodineta ya juyo ya tambayi Baba Sakatare ko zai ba iyayenmu mata dama su koyi abin dogaro da kai. Wa zai ce a'a a gaban mata cike da ɗaki suna kallonsa? Aka jera wa ƙofar huda daga wannan gefe zuwa wancan, daidai tsakiyarta, aka sa musu suna tagogin shan iska. Satin da ya biyo baya na yara ne, aka ba su fenti aka ce kowa ya bayyana abin da ke zuciyarsa, abin da ke zuciyar yawancinsu kuwa tafin hannu ne da wata dabba da ba a san irinta ba. Daga nan masu mai da shara dukiya suka karɓa. Su ne suka toshe gindin da gwangwanayen madara da aka buga suka baje, suka cusa gindin robobin lemo masu launi a cikin hudojin. In rana ta haska ta baya, sai ja da kore su zubo a ƙasa, mutane su yi ta ɗaukar hoto.

A gida kuwa zanen gado ne ke mulki. Aka koyi gyaran murya kafin a nufi banɗaki, aka koyi ƙure rediyo. Turirin wanka ya fara ɓare fentin bangon falo. Wata rana abokan aikin Malama suka kawo mata ziyara, ɗaya ta tambayi inda za ta kama ruwa, aka nuna mata, ta kalli zanen yana kaɗawa a iskar fanka, ta ce a'a, dama ba matsuwa ta yi ba, za ta iya kaiwa gida. Ranar Malama ba ta yi wa mijinta magana ba har suka kwanta.

Ba wai Sakatare bai san abin da yake yi ba ne. Kullum da niyyar ɗauko ƙofar yake fita. Sai dai yana shiga ɗakin ake miƙewa ana cewa ga Mai Ƙofa nan, ga Mai Ƙofa nan. An ɗinka masa rigar aiki mai aljihu a ƙirji. Kafin a fara kowace bita sai Kodineta ya ce Baba ya ɗan ba sababbin zuwa tarihin ƙofar, tarihin kuwa kullum ƙaruwa yake, har ya kai ga cewa ƙofar nan ta ga tashin 'ya'yansa, ta ji kukansu, ta rufa wa iyali asiri shekara da shekaru. Mutane suna kallon bakinsa yana magana. Gaskiyar magana daɗi yake ji, irin daɗin da bai taɓa ji ba tun da ya fara sa riga da wando ya fita aiki, kuma in ya ɗauke ƙofar ya san zai koma wani dattijo ne kawai da bai iya riƙe zarto ba.

Ana cikin haka likita ya ce sai an yi wa Inna, mahaifiyar Malama, aiki a gwiwa. Bayan aikin kuma za ta yi watanni tana koyon tafiya, dole wani ya zauna da ita dare da rana. Malama ta ɗauki hutu a makaranta, ta share ɗakin auta, ta sai sabuwar katifa. Sai batun banɗaki ya taso. Inna mace ce mai kunya, ko tari ba ta son yi a gaban surukinta, balle a ce ta shiga bayan zanen gado yana zaune a falo da jarida.

Ƙanin Malama, ɗan kwangila ne mai gida hawa biyu a can ƙarshen gari, kowane ɗaki da banɗakinsa, kowane banɗaki da ƙofarsa. Tun farko so yake a kai Inna wurinsa. In aka kai ta can kuwa, Malama can za ta tare, don ita ce mai jinya. Ya zo gidan da yamma yana kaɗa makullin mota, ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga zanen gadon ya leƙa, ya sake shi, ya juyo wurin Sakatare yana danne dariya.

"Yaya, babban kafinta, ashe aiki ya yi nisa. Ka bari gobe in turo yarana da sabuwa, kafin ka gama karyawa sun saka."

Sakatare ya ce ya gode, tasa ƙofar tana matakin ƙarshe. Ya faɗi kalmar matakin ƙarshen nan da ƙarfi.

Bayan ɗan kwangila ya tafi, Malama ta zauna kusa da shi, ba faɗa, ba harara, abin da ya fi faɗan tayar masa da hankali. Ta ce ita a ɗakinta take son ta yi jinyar uwarta, ba ta son ta je ta zama baƙuwa a kicin ɗin matar ƙaninta tana tambayar inda ake ajiye gishiri. Ta ce da ta so, da tuni ta ce wa yaran su zo su saka ƙofar yana can wurin bitarsa, amma ba za ta bari ƙaninta ya saka wa mijinta ƙofa a gidansa ba, don ta san har jikokinsu sai sun ji labarin. Saboda haka ta bar masa. In ƙofa ta hau kafin a sallamo Inna, gida za su zo. In ba ta hau ba, ya san inda zai same su.

Tsoro ya kama shi na gaske. Ya tuna ranakun farkon ritaya, shi da cokula, amma a lokacin ko ba komai da yamma yana jin ƙarar makullinta a ƙofar gida. Watanni babu wannan ƙarar, bai san yadda zai yi da kansa ba.

Washegari ya shafa wa idonsa toka ya nufi ɗakin, ko rigar aikin bai saka ba. Ya ce wa Kodineta ƙofarsa ya zo ɗauka, yau ɗin nan. Kodineta ya zauna a kan benci kamar an zare masa laka. Ya ce masu tallafin da suka ba su injuna za su zo ranar baje koli su ga abin da aka yi da kayansu, in babu ƙofar nan ba abin da za a nuna musu sai maƙalan makulli. Ya ce ƙofar ta shiga hannun mata, ta shiga hannun yara, ta shiga hannun tsofaffi, ita kaɗai ce shirin shekara gaba ɗaya. Sakatare ya cije, ya ce surukarsa tana asibiti. Kodineta ya yi mata addu'a, sannan ya ce shi ke nan, dama Baba suka sa zai yi babban jawabi a ranar, da lasifika, a gaban baƙi, amma ba komai, za a ba mai aski.

Da lasifika. Sakatare ya tambayi yaushe ne baje kolin. Ranar ta faɗa daidai ranar da za a sallami Inna. Ya tsaya ya yi lissafi irin na mutumin da ya riga ya san amsar da yake so: taro da safe ne, sallamar asibiti kuwa kowa ya sani ba ta yiwuwa sai rana ta karya. Saka ƙofa kuma me ye a ciki, sukurori ne kawai, suna nan a kofi a kan firij.

Ran da abin zai faru, Malama ta haɗa kayan da za ta kai asibiti, ta tsaya a bakin ƙofar falo ta dubi zanen gadon, ta dubi mijinta da ya sha guga yana bitar jawabi a gaban madubi.

"In an sallame mu zan kira ka daga bakin asibiti, muna cikin motar ƙanina. Sau ɗaya zan kira. In ka ce ƙofa tana jiki, mu taho gida. In ba ka ɗauka ba, na ji amsar."

Ya ce ta kwantar da hankalinta. Ta ce hankalinta a kwance yake, ta fita.

Ya isa ɗakin ya tarar an kafa ƙofar a tsakiya cikin wani firam na wucin gadi, an haska ta da fitila. Sai dai babu mariƙi a jikinta, babu sakata. A gurbinsu an ɗaura wani baƙin akwati mai ɗan haske yana ƙyaftawa. Mai lantarkin ɗakin, wani siririn mutum da ba ya kallon idon wanda yake wa magana, ya bayyana masa cewa jiya aka yi bitar gida mai basira. Hannu shi ke yaɗa cuta, in ji shi, don haka an cire duk abin da hannu zai taɓa. Yanzu ƙofar da kanta take kulle kanta in an tura ta, da waya kuma ake buɗe ta. Ya karɓi wayar Sakatare ya latsa-latsa ya mayar masa. Ya ƙara da wata magana a kan maɓallin ciki, wai wannan sai bita ta gaba, amma daidai lokacin aka ce baƙi sun iso, Sakatare kuma yana laluben takardar jawabinsa.

Baƙin sun makara, kamar yadda masu ba da abu suka saba. Aka zagaya da su, aka ba kowannensu maƙalin makulli. Da aka zo kan ƙofa, Sakatare ya latsa waya, akwatin ya yi ɗan kiɗa, ƙofar ta buɗe, wata mata a cikin baƙin ta dafe ƙirji. Aka miƙa masa lasifika. Ya ji muryarsa ta cika siton nan har tana dawowa daga bango, ya manta takardar, ya manta agogo. Ya yi magana a kan haɗin kai, ya yi a kan darajar aikin hannu, ya ce shi da hannunsa ya gano cewa gida ba ya zama gida sai da ƙofa. Aka tafa masa har da masu tsayuwa. Bayan nan aka yi hoto, kowa sai ya taɓa. Sannan Kodineta ya ce a zauna a da'ira kowa ya faɗi abin da ya koya yau.

A nan ne Sakatare ya dubi tagar sito ya ga inda rana take. Gumi ya karyo masa. Ya miƙe ana tsakiyar jin abin da unguwarzoma ta koya, ya rungumi ƙofarsa ya fizge ta daga firam ɗin, Kodineta yana bin sa yana cewa Baba ai ba a rufe taro ba. Ya tari mai motar kaya a titi, bai ko yi ciniki ba.

Abin da ya faru a gida ya kamata a faɗe shi, don shi ne abin kirki guda ɗaya da ya taɓa yi da hannunsa. Ya yaye zanen gadon ya jefar. Ya tuɓe riga ya rataya ta a hannun kujerar falo. Ya tokare ƙofar da ƙafa da tsofaffin jaridu, ya daidaita hinji, wato ƙarafan da ƙofa take juyawa a kansu, sukuru ya suɓuce ya shige ƙarƙashin firij, ya kwanta rub da ciki ya zaƙulo shi da cokali. Sukundireba ta zame ta yanke shi a babban yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Ya ɗaura wa akwatin abokin kamunsa a jikin firam yadda ya ga an yi a sito. Ba da'ira, ba tabarau, ba wanda ya taɓa sai shi. Da ya ja baya ya tura ƙofar da yatsa, ta tafi sumul ba ko ƙara. Muninta ya kai muni, da tafukan yara da gwangwanayen madara, amma ƙofa ce, kuma tana jiki. Ransa ya yi fari ƙal, har ya ji ƙwalla ta taru masa.

Saura abu ɗaya. Yana so ya tabbatar cewa ba a hango mutum ta cikin robobin nan, kada Inna ta shiga ta ji a takure. Ya shiga banɗakin, ya tura ƙofar. Akwatin ya yi ɗan kiɗansa, wani ƙarfe ya ce ƙit.

Ba a ganin komai, madalla. Ya kai hannu inda mariƙi yake tun ranar da suka tare a gidan, hannun ya shafi fenti. Ya laluba sama, ya laluba ƙasa. Ya shafa ƙirjinsa neman aljihu, ya ji fata da gumi. Sai a lokacin maganar mai lantarki ta dawo masa daki-daki, maɓallin ciki sai bita ta gaba. Tagar banɗakin ƙarama ce, ga ƙarafa. Ya buɗe baki zai kira maƙwabci ke nan, ya ji wayarsa ta fara kuka a falo, cikin aljihun rigar da ke rataye a kujera, da kiɗan da ya ware wa Malama ita kaɗai.

Tsawon aikinsa ba a taɓa kawo masa batu a fili haka ba. In ya tsaya, ƙofa tana jiki, amma bai ɗauka ba, ta ji amsar. In ya fita ya ɗauka, ta hanya ɗaya ce kawai zai fita. Ya dafa ƙofar da tafin hannu biyu, yana jin ɗumin katakon, yana kallon ja da koren da suka zubo masa a ƙafa. Wayar ta ci gaba da kuka. Ya san tsawon kukanta, ya san ta kusa gajiya.

Ya ja da baya har ya jingina da bango, ya runtse ido, ya tafi da kafaɗa. Bai ma sha wuya ba. Ƙofar ta tsage daidai layin da mata suka huda, daga wannan gefe zuwa wancan, robobin lemo suka watse a falo suna gangarawa, shi kuma ya faɗo kan gwiwoyinsa a kan gwangwanayen madara. Da rarrafe ya kai kujera.

"Baban Auta, an sallame mu. Ƙofa tana jiki?"

Ya waiwaya. Rabin sama yana lilo a hinji ɗaya. Rabin ƙasa yana ƙarƙashin teburin falo. Baƙin akwatin kuwa yana nan daram a jikin firam, ya riƙe wani ɓallin katako gam, a kulle, haskensa yana ƙyaftawa.

"Wallahi, Malama, yanzun nan tana jiki."

Yana jin hayaniyar bakin asibiti, yana jin Inna tana tambaya a hankali ko lafiya. Sannan ya ji muryar matarsa ta ɗan yi nisa da wayar, ba da shi take ba, da ƙaninta take, ba kuma cikin fushi ba.

"Juya, mu je gidanka."